Takardar izinin karatun yaro ta ƙare a Kanada: ya dawo gida ko ya tsaya?

Tambaya:

Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Katsina, gidana yana Ƙofar Ƙaura. Ɗan ƙanena marigayi, wanda ni na riƙe shi tun yana firamare, yana karatu a wata kwaleji kusa da Toronto. Shekaranjiya ya kira ni yana in-ina, wai takardarsa ta izinin karatu ta ƙare tun 31 ga Agusta, yau kwana 24 ke nan, shi kuma bai lura ba domin bizar da ke cikin fasfonsa da sauran lokaci. Zango ɗaya ya rage masa. Bara bai yi zangon Janairu ba saboda kuɗin makaranta sun makara daga wajena, sai a watan Mayu ya koma aji. Har yanzu yana zuwa makaranta, da dare kuma yana aiki a wani sito. Uwarsa ta ce ya dawo gida a gyara daga nan. Wani mai harkar biza a nan gari kuma ya ce in ba shi naira miliyan biyu ya gyara komai cikin mako biyu. Yaya zan yi?

Amsa:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya saka maka da alheri a kan riƙon maraya. Na yi shekara biyar a birnin Saskatun na Kanada ina karatun digiri na uku kafin in dawo koyarwa a nan Katsina. Sau biyu na sabunta irin wannan takarda da hannuna, na kuma yi shekara biyu ina taimakawa a ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'armu, inda na ga yara da dama cikin halin da ɗanka yake ciki. Ni ba lauya ba ne, in mun zo wurin da sai an ga mai lasisi zan faɗa maka. Amma ga amsar tun kafin bayani: kada ya taso, kada ka ba mutumin nan ko sisi, kuma daga yau ɗin nan yaron ya daina shiga aji, ya daina zuwa sito. Da sauran dama, sai dai kwanakinta a ƙidaye suke.

Abin da ya ruɗe shi ya ruɗi mutane da yawa. Takardu biyu ne, ba ɗaya ba. Biza ita ce wadda aka manna a cikin fasfo, aikinta kawai ta kai mutum bakin ƙofar Kanada. Takardar izinin karatu kuwa, wadda yaran ke kira famit, falle ne daban da jami'i ya buga ya miƙa masa a filin jirgi ranar da ya sauka, ita ce ta ba shi ikon zama da karatu da ɗan aikin da aka yarje wa ɗalibi. Ka ɗauka kasuwarku ce. Mai gadi ya san fuskarka, yana buɗe maka ƙofa da safe, biza ke nan. Amma abin da ya sa kake zaune a rumfa kana baje atamfa shi ne takardar rumfar. In ta ƙare ba ka sabunta ba, sanin da mai gadi ya yi maka ba zai hana a garƙame rumfar ba. Yaronka ya tsaya yana kallon fuskar mai gadi.

Da ya aika da buƙatar sabuntawa ko da kwana ɗaya ne kafin 31 ga Agusta, da ba mu zauna muna wannan magana ba. Hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, tana ba da shawarar a nema aƙalla kwana 30 kafin ranar ƙarewa, ni kuwa nakan ce wa ɗalibai wata uku zuwa huɗu. Kuɗin dalar Kanada 150 ne. Wanda ya nema a kan lokaci, ko da takardarsa ta ƙare amsa ba ta fito ba, doka ta bar shi a matsayinsa na ɗalibi, yana karatunsa yana aikinsa bisa tsohon sharaɗi har ranar da za a yanke hukunci, muddin bai fita daga ƙasar ba. Na faɗi wannan ne domin sauran iyayen da ke karantawa: yau ku sa yaranku su ɗauko hoton famit ɗinsu su turo muku, ku rubuta ranar a bango.

Akwai kuma wani tarko a ranar ƙarshen kanta. Wata Juma'a cikin hunturu wani yaro ɗan Zariya ya shigo ofishinmu da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, dusar ƙanƙara a kafaɗarsa, yana dariya, ya ce yau takardarsa ke ƙarewa amma ba komai, ai yana da har sha biyun dare. Matar da ke shugabantar ofishin ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ta ce masa saura awa ɗaya da rabi. Shafin IRCC da agogon GMT yake aiki, wannan dai da muke ji a rediyo kullum ana cewa agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. Sha biyun daren GMT a Saskatun ƙarfe shida ne na yamma, a Toronto kuwa bakwai da hunturu, takwas da bazara. Muka zaunar da shi, wannan na ɗaukar hoton fasfo, wancan na kiran ofishin rajista, katin bankinsa ya ƙi, wani ɗan Indiya da ke jiran layi ya ba da nasa. Saura minti goma sha ɗaya muka tura. Hannunsa rawa yake yi har ya kasa zuge jakarsa.

To, ɗanka ya wuce wannan ƙofar. Wadda ta rage masa ita ce ta maido da matsayi, abin da yaran can ke kira ristoreshan. Sashe na 182 na ƙa'idojin shige da ficen Kanada ya ba wanda matsayinsa ya faɗi kwana 90 ya roƙi a maido masa da shi. Mu ƙirga tare: Satumba kwana 30, Oktoba 31, ya zama 61, sai 29 daga Nuwamba. Ranar 29 ga Nuwamba ke nan wa'adin ke cika. Ya riga ya ci 24. Amma kada ya ɗauki 29 ga Nuwamba a matsayin ranarsa, ranarsa ita ce mako biyu daga yau, domin in aka dawo masa da takardu saboda ya manta wani abu, kamar bai taɓa aikawa ba ne, kwanakin kuwa ba su tsaya jiransa ba. Sharuɗɗan su ne yana cikin Kanada lokacin da ya nema, ya zauna a ciki har amsa ta fito, kuma ba karatu ba aiki a duk tsawon jiran. Nan ne bambancinsa da wanda ya sabunta a kan lokaci. Wancan yana jira yana tafiya, wannan yana jira a tsaye cik.

Na san maganar barin aikin ita ce mai ɗaci, domin da kuɗin siton yake biyan haya da cefane. Amma ka duba yadda abin yake. Ɗalibi mai famit da rai an yarje masa awa 24 a mako a wajen makaranta, haka dokar take tun 8 ga Nuwamba 2024. Wanda famit ɗinsa ya mutu ba shi da ko awa ɗaya. Albashinsa ta banki yake shiga, da lambarsa ta aiki da ake kira SIN, wadda ta baƙi take farawa da 9, kuma ranar ƙarewarta ɗaya ce da ta famit. Ke nan duk daren da ya je sito tun 1 ga Satumba a rubuce yake. Makarantu su ma sau biyu a shekara suke kai wa hukumar rahoton wanda ke aji da wanda ba ya nan. Sannan akwai ƙa'idar da ke iya hana wanda ya yi aiki ko karatu ba izini samun sabuwar takarda sai bayan wata shida da dainawa. Kwana 24 na rashin sani, wanda aka daina ranar da aka gane, abu ne da za a iya yi wa jami'i bayani ya fahimta. Kwana 60 bayan an sani, wannan ganganci ne, kuma haka jami'in zai karanta shi. Abokai za su ce masa ya koma aikin da ake biya a hannu, ba wanda zai sani. Shi ma aiki ne a idon doka, kuma masu ba da irinsa sun san yaron ba shi da bakin kai ƙara, shi ya sa suke cinye musu haƙƙi. Saboda haka, Alhaji, hayar ɗakinsa da abincinsa na 'yan watannin nan sun dawo wuyanka. Miliyan biyun nan da ka yi niyyar ba mai biza, ga inda za su yi amfani.

Yanzu ga wurin da na fi so ka buɗe kunne, domin a ganina ba ƙarewar takardar ce babbar matsalar ba, zangon Janairun bara ne. Mai famit yana da sharuɗɗa biyu a kansa: ya kasance da rajista a makarantar da gwamnati ta amince ta ɗauki baƙin ɗalibai, kuma ya kasance yana bin karatun da gaske. Dokar maido da matsayi ta ce ƙarara ba za a maido wa ɗalibin da ya saɓa waɗannan sharuɗɗa matsayinsa ba. An yarda ɗalibi ya ɗauki hutu, amma hutun da makaranta ta amince da shi, kuma kada ya wuce kwana 150. Daga Janairu zuwa farkon Mayu wajen kwana 120 ne, ta fuskar lissafi yana ciki. Tambayar ita ce, ya je ofis ya nemi hutun a rubuce, ko kuwa kunya ta sa ya kulle kansa a ɗaki har kuɗi suka iso? Tambaya ta biyu, a cikin watannin nan huɗu ya yi aiki? Domin mai hutun karatu ba a yarje masa aiki ba, kuma yaron da kuɗin gida suka yanke masa, da wuya ka ga bai nemi abin yi ba. Ka tambaye shi waɗannan biyun, kuma ka yi tambayar yadda zai iya gaya maka gaskiya.

In yana da takardar hutu, alhamdu lillahi, ya haɗa ta cikin takardunsa, magana ta yi sauƙi. In ba shi da ita, ya nemi ofishin rajista su rubuta masa abin da ke cikin kundinsu game da wancan zango, sau da yawa akan tarar an rubuta cewa an ɗage masa ne saboda kuɗi. In kuwa ya ɓace ne kawai ba sallama, ko ya yi aiki a lokacin, to a nan ne nake cewa kada ya tura komai sai ya zauna da lauyan shige da fice ko mai ba da shawara mai lasisi a can Kanada. Wani lokaci sukan ga ya fi a nemi maido da shi a matsayin baƙo mai ziyara tukuna, wani lokaci su ce ya fita da ƙafarsa ya sake nema daga gida. Wannan hukunci ne da sai an ga takardu a zahiri.

Gobe da safe wurin da zai fara zuwa shi ne ofishin ɗaliban ƙasashen waje na kwalejinsu. Galibin makarantu suna da ma'aikata masu lasisin ba da shawara kan wannan harka, kuma ba a biya, yana cikin kuɗin makarantar da ka riga ka zuba. Yara suna gudun ofishin nan suna zaton can ne za a kama su. Ba 'yan sanda ba ne, kuma sun ga wanda ya fi nasa muni. Ya gaya musu komai. Ya nemi su dakatar masa da zangon nan a rubuce, su ba shi wasiƙar da ke nuna cewa ɗalibinsu ne, ga kwasa-kwasan da suka rage masa, ga ranar da zai koma, ga ranar da ake sa ran zai gama, sannan da takardar sakamakonsa ta duk zangunan da ya yi. Ya kuma yi maganar kuɗin zangon nan da aka biya, domin kowace makaranta tana da ranar da in ta wuce ba a mayar da kuɗi, ya roƙi a tura masa su zuwa zangon Janairu. Ya tambaye su batun takardar lardi da ake kira PAL, wadda aka shigo da ita a Janairun 2024. Mai sabuntawa a makaranta ɗaya, a mataki ɗaya, ba a nemanta wajensa, amma shi da yake neman maido da matsayi, su duba masa ko sai ya haɗa da ita, domin ta hannun makaranta ake samunta. Kada kuma wani ya ba shi shawarar ya sauya zuwa wata kwaleji mai araha a wannan tsakanin. Tun Nuwambar 2024 sauya makaranta sai da sabon famit. Wanda ɗansa ke lardin Kwibek kuwa, akwai takardar lardin mai suna CAQ da ita ma ake sabuntawa, amma wannan bai shafe ku ba.

Neman kansa ta intanet ake yi, a asusunsa na IRCC, fom mai lamba IMM 5709. Kuɗin maido da matsayi a Disambar 2024 dala 239.75 ne, a haɗa da 150 na sabon famit, ya kama 389.75 a lokacin. Ya duba shafinsu ranar biya, domin sukan ɗan ƙara. Ko rabin miliyan bai kai ba a canjin kwanakin nan. Hoton yatsu da ya yi kafin ya tafi yana aiki har shekara goma, ba sai ya sake ba.

Sai wasiƙar bayani, wadda yara suka fi lalatawa. Na karanta wasu masu shafi huɗu, cike da roƙo da labarin talaucin gida da rantsuwa. Jami'in da ke karantawa yana da tarin fayil a gabansa, kwanan wata yake nema da hujja. Shafi ɗaya ya isa. Ya ce: takardata ta ƙare ranar kaza. Na ɗauka ranar da ke jikin biza ita ce tawa, kuskurena ne. Na gane ranar kaza, a ranar na daina zuwa aji, na daina aiki, ga wasiƙar makaranta, ga ta wurin aiki. Zangon Janairun bara ban yi ba saboda kuɗi sun makara, ga shaidar hutu, ga rasit na ranar da aka biya. Kwas kaza ya rage mini, zan gama a wata kaza, ga wanda ke ɗaukar nauyina. Shi ke nan. A cikin fom ɗin akwai tambayar da ke cewa ko ka taɓa wuce wa'adin zamanka, ko ka yi karatu ko aiki ba izini a Kanada. Amsarsa e ce, sai bayani a ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka kama da ƙarya ko ɓoye gaskiya a takardun shige da fice, sashe na 40 na dokarsu ya tanadar masa haramcin shiga ƙasar na shekara biyar, kuma tabon yakan bi mutum zuwa neman bizar wasu ƙasashen, domin Kanada tana musayar bayanai da Amurka da Ingila da Ostireliya.

Naka aikin a nan Katsina shi ne takardun kuɗi. Da can dala 10,000 ake nema a nuna na zaman shekara guda. Daga Janairun 2024 ya koma 20,635, daga 1 ga Satumba 2025 kuma 22,895, ban da kuɗin makaranta. Wato wajen dala 1,900 a wata suke ɗauka ɗalibi ɗaya ke buƙata. Da yake zango ɗaya ya rage, abin da za ku nuna shi ne kuɗin zangon da na zaman watannin da zai yi, da 'yar rara. Matsalar 'yan kasuwarmu ita ce dukiyar tana cikin kaya da bashin da ke hannun mutane, asusun banki kuwa kamar zaure ne, kuɗi su shigo da safe su fita da yamma. Jami'i kuma bayanin asusu na wata huɗu yake dubawa. In ya ga asusun da ya saba ɗaukar miliyan biyu, kwatsam ana saura kwana uku ya haura miliyan ashirin, zai tambaya daga ina. Ba laifi ba ne kuɗi su shigo a dunƙule, laifin shi ne su shigo ba uwa ba uba. In fili ka sayar a hanyar Jibiya ko ta Dutsin-ma, ka haɗa da takardar cinikin. In da Hausa aka rubuta ta, kamar yadda aka saba a gaban mai unguwa da shaidu, sai an fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya yi rantsuwa a kotu, domin Turanci da Faransanci kaɗai suke karɓa. Ka haɗa da takardar rajistar kasuwancinka, da wasiƙa mai sa hannunka da ke cewa kai ne mai ɗaukar nauyinsa, da abin da ke nuna dangantakarku, tunda ba kai ka haife shi ba: takardar rasuwar mahaifinsa, da rasit na kuɗin makarantar da ka biya a baya. Abin da ya fi duka ƙarfi shi ne a biya kuɗin zangon da ya rage tun yanzu, a sa rasit ɗin a ciki. Masu ba da hayar kuɗi a zuba a asusu na mako biyu a cire, ka guje su. Wannan ma yana cikin ƙaryar da ke jawo shekara biyar ɗin nan.

Mai harkar bizar nan fa? Ban san shi ba, ba zan ce ɓarawo ne ba. Amma dokar Kanada ta ce ba wanda zai karɓi kuɗi ya wakilci mutum a wannan harka sai wanda aka ba izini, kamar lauyan da ke da rajista a can, ko mai lasisin hukumar da ke kula da masu ba da shawarar shige da fice, CICC. Lambar lasisinsu da harafin R take farawa, sunayensu kuma suna shafin hukumar, kowa na iya dubawa. Ka ce ya ba ka lambarsa, ka sa yaron kanti ya duba maka a waya. Sannan maganar mako biyu: ba mai iya sa IRCC ta yi sauri, ko lauyan Toronto ne, balle mai shago a nan. Irin wannan nema watanni yake ɗauka. Abin da na fi tsoro shi ne a karɓi kalmar sirrin asusun yaro, a cika fom ɗin a amsa a'a inda ya kamata a ce e, a liƙa takardar banki ta bogi. Ranar da abin ya fashe, sunan yaron ne a kai, ba na mai shago ba.

Ita kuma mahaifiyarsa, a gaya mata da lallashi, na san hankalinta ne ya tashi, tana so ta gan shi a gabanta. Amma ranar da jirginsa ya tashi daga Toronto, damar kwana 90 ɗin nan ta mutu, domin daga cikin ƙasa kaɗai ake nemanta. Zai koma sahun masu nema daga farko, a lokacin da ƙofar ta ƙuntata. A ranar 22 ga Janairun 2024 ministan shige da fice na lokacin, Marc Miller, ya sanar da ƙayyade yawan sababbin ɗalibai, aka sake rage adadin a 2025 zuwa 437,000. Hanyar gaggawa da aka ware wa ɗaliban Najeriya ita ma an rufe ta a Nuwambar 2024. Zai nemi sabuwar PAL, ya sake gwajin lafiya tunda na farko shekara ɗaya yake yi, kuma tambayar nan ta wuce wa'adi tana nan tana jiransa a wancan fom ɗin ma. Duk wannan a kan zango ɗaya. Dabarar da ake yi da, ta zuwa iyakar Amurka a juyo a karɓi takarda a hannun jami'an iyaka, an hana ta tun ƙarshen Disambar 2024, kada wani tsohon ɗalibi ya ba shi labarin zamaninsu. Dawowa gida tana zama dole ne a hali biyu: in kwana 90 sun cika bai nema ba, ko in an ƙi maido masa. A nan kam ya tattara ya fito da kansa da wuri, domin wanda ya tsaya har aka ba shi takardar kora, yawanci shekara guda ake hana shi komawa, kuma tabon ya fi na wanda ya fita da mutuncinsa.

Ya duba fasfonsa ma. Ba a ba da famit da ya wuce ranar ƙarewar fasfo. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami: na nemi shekara biyu, aka ba ni wata bakwai, domin ban lura fasfona ya kusa ƙarewa ba, sai da na sake biya na sake jira. In nasa ya kusa, ya fara neman sabo ta ofishin jakadancin Najeriya da ke Otawa tun yanzu, ya tabbata sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai da na NIN. Amma kada ya zauna jiran sabon fasfo kwanaki su ƙare. In wanda ke hannunsa zai kai shi ƙarshen karatu, ya tura da shi.

In Allah ya sa aka amince, sabon famit zai zo masa ta gidan waya, saboda haka adireshin da ya rubuta ya zama inda yake kwana da gaske. Ranar da aka amince ne zai koma aji da aiki, ya kai takardar a sabunta masa SIN, ya kuma duba inshorar lafiyarsa, wadda ya kamata ya tambayi makaranta a kanta tun gobe, domin kwana ɗaya a asibitin can ba inshora yana iya cinye ribar shekara. Sabon famit ba ya zuwa da sabuwar biza. In tasa ta ƙare kafin ya zo ganin gida, sai ya nemi wata daban, dala 100, tun yana can. Sannan in yana da niyyar neman izinin aiki na bayan kammalawa, PGWP, wanda ake nema cikin kwana 180 da fitowar sakamako, to ya adana duk takardun nan na hutu da na dakatarwa, domin a can ma za a tambaye shi dalilin kowane zangon da bai yi ba.

Abu na ƙarshe, Alhaji, kuma ka yi mini afuwa in na shiga hurumin da ba nawa ba. Ka ce yana in-ina da ya kira ka. Ina kyautata zaton ba shekaranjiya ya gane ba. Yaran da na gani a ofishin nan, yawancinsu sun san halin da suke ciki mako biyu, uku, kafin su buɗe baki, suna tunanin filin da aka sayar dominsu da abin da za a ce a unguwa. Maraya kuma ya fi kowa jin nauyin wanda ya riƙe shi. In ka kira shi da faɗa, zai ce maka komai ya daidaita, ya ci gaba da zuwa sito a ɓoye don kada ya ƙara maka nauyi, kuma wannan ne zai kashe maganar. Katsina tana gaban Toronto da awa biyar a wannan watan, in ka fito sallar isha'i can la'asar ba ta yi ba, ofishin makaranta ma bai tashi ba. Ka kira shi a lokacin. Ka fara da gaya masa cewa kuɗin haya na wata uku suna tafe, kuma makarar kuɗin bara daga wajenka ne, ba laifinsa ba. Sannan ka ce ya turo maka hoton famit ɗin, da shafin farko na fasfo, da duk abin da makaranta ta rubuta masa a Janairun bara. In sun iso, ka turo mini in duba kwanakin.